Tallafin manoma bayan ambaliya, yadda na same shi

Masu tambaya wai tallafin da gwamnati ke ba manoman da ambaliya ta cinye wa gona yana da wani amfani kuwa, toh ni dai na karɓa, kuma amsata eh yana da amfani, amma fa sai in ya zo kan lokaci.

Ni shinkafa nake nomawa a fadamar Hadejia. Ruwan 2022 ba sai an ba kowa labari ba, sama da mutum 600 suka rasu a faɗin Najeriya, mu nan Jigawa kuwa tun daga Ringim har Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma zuwa Guri, shinkafa ta fara fidda kai kenan ruwa ya hau kanta. Kuma ba ruwan sama kaɗai ba ne, kogin ne ciyawar kachala da yashi suka toshe, in ruwa ya taho daga madatsun ruwa na Tiga da Challawa bai da hanya sai ya bi gonakin mutane.

Abin da ya shigo hannuna: taki kamfa da yuriya, irin shinkafa, famfon feshi, sai injin ban ruwa da aka haɗa mu rukuni a kai. Injin nan gaskiya shi ne kan gaba, yana jan ruwa sosai daga tubwel bai cika ba da matsala ba, da shi muka yi noman rani muka ɗan farfaɗo. Irin ma ba laifi, Faro 44 ne, ya tsira yadda ake so. Takin ne dai kaɗan wallahi, ko rabin gonar bai kai ba. Sannan da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sai shan man injin ya zama wani sabon nauyi, akwai waɗanda suka ajiye nasu a ɗaki.

Inda abin ya fi min ciwo shi ne jinkiri. Alkama daga Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake shuka ta saboda sanyin hunturu take so, kayan kuwa ba su iso ba sai da wannan damar ta wuce, alhali mutumin da ya rasa damina ita ce kaɗai abin da zai kama ya biya bashi. Na ga maƙwabcina dattijo ya ɗora buhun takinsa a kan mashin ya kai kasuwa ya sayo masara, kuma ban ga laifinsa ba, gidansa ba ko tiya ɗaya. Rubuta suna ma akwai gyara, ba wanda ya zo ya taka gonar ya ga ɓarnar da idonsa, mai kadada biyar da mai ɗan fegi duk abu ɗaya aka ba su, har da waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba.

Wani abu da yawancinmu ba mu sani ba, akwai inshorar noma ta NAIC, wato hukumar inshorar noma ta gwamnatin tarayya, tun 1987, kuma gwamnati ce ke biyan rabin kuɗin a kan amfanin gona irin su shinkafa da masara. Dan Allah ku tambayi malamin gona a kai tun kafin shuka. Ku shiga ƙungiyar manoma mai rijista, ku tanadi NIN da lambar waya mai aiki, in ruwa ya shiga gona ku ɗauki hoto da bidiyo tun bai janye ba.