Teburin tankin kifi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa: yadda ya zauna a kan daɓen laminet

Duk wanda zai ajiye tankin kifi na gilashi a ɗakin da aka yi wa daɓen laminet, lissafi ya kamata ya fara yi kafin ya shiga zaɓen irin kifin da yake so. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Tankina tsawonsa santimita 120, faɗinsa 40, tsayinsa 50, ke nan yana cin lita 240 in an cika shi har baki. Gilashin kaɗai, mai kaurin milimita 10, ya ɗan haura kilo 50. Ga tsakuwa, ga duwatsun ado, ga teburin kansa. In aka haɗa, abin ya wuce kilo 300, kuma wuri guda zai zauna shekara da shekaru ba ya motsi. Wannan lissafin ne ya sa na bar teburin ƙarfe mai ƙafa huɗu, na sayi na katako mai siffar kabad, wanda ƙasansa falle ɗaya ne a shimfiɗe, haɗe da shimfiɗar roba da ake sawa ƙarƙashinsa. Na jima ina amfani da su, har na ga inda suka yi da inda suka gaza.

Laminet dai ba katako ba ne na ainihi, ko da yake ido yana ganin haka. A Suwidin aka ƙirƙiro shi a 1977. Cikinsa garin katako ne da aka matse da ƙarfi, sai takarda mai hoton katako a sama, sai wani ɓawo mai tauri da ke hana ƙarcewa. Yawanci ba a manna shi da siminti, ba a kuma buga masa ƙusa. Falle-fallen suna saƙale da juna ne ta baki, suna kwance a kan siririn soso, an bar musu tazara ta milimita 8 zuwa 10 a jikin bango domin su samu wurin buɗewa da tsukewa in yanayi ya sauya. Rauninsa biyu ne, kuma duka a mahaɗar falle suke: matsi a wuri ƙarami, da ruwa. Lambar nan ta AC3 ko AC4 da ake rubutawa a kwalinsa kada ta ruɗi kowa, juriyar gogewa take nunawa, ba ta ce komai ba a kan ɗaukar nauyi.

A ɓangaren matsi, teburin ya cika alkawarinsa, kuma a nan nake yaba masa ƙwarai. Da ƙafafu huɗu ne, kowace santimita 4 a kan 4, to kowane murabba'in santimita zai ɗauki kusan kilo 5. Da shimfiɗaɗɗen ƙasa kuwa, nauyin nan ya bazu a kan murabba'in santimita 4,800, rabon kowanne bai kai giram 70 ba. Bambancin kamar na tsinin takalmi ne da tafin ƙafa a kan yashi. In ƙafar ƙarfe ta faɗo daidai kan mahaɗa, soson ƙasa yana lotsawa, bakin falle ya tsage a hankali, mutum ba zai sani ba sai ranar da ya ɗaga tankin. Nawa daɓen har yanzu lafiya lau: ba lotsawa a gefen teburin, ba ƙara in an taka, mahaɗu ba su buɗe ba.

Sai dai daidaita shi ya ba ni wuya. Ba shi da ƙafafun da ake murzawa a ɗaga ko a sauke, don haka yadda daɓe yake haka zai zauna. Tanki kuma ba ya son karkata ko kaɗan, musamman murɗewa, wato kusurwa ɗaya ta fi sauran sauka, domin silikon ɗin da ke riƙe gilasan ne ke shan wahalar. Abin da na yi shi ne na sa kafinta ya yanko mini filawud mai kaurin milimita 18 daidai girman ƙasan teburin, na sa shi ƙarƙashin teburin, na yi ciko da siraran roba masu tauri tsakaninsu, ina auna lebur ta tsawo da ta faɗi. Na sake aunawa da ruwa ya kai rabi, na kuma aunawa bayan ya cika, saboda soson ƙasa yana ƙara kwanciya in nauyi ya hau. Kwali ko takarda ba sa yin ciko, da sun jiƙe sun mutu. Takardar bayanin da ta zo da teburin ba ta ce uffan ba a kan wannan duka, kuma ina ganin babban gibi ne ga kayan da aka yi don ɗaukar irin wannan nauyi.

Shimfiɗar robar ce ban gamsu da ita ba. Ba ta da baki a gefe, don haka ruwan da ya zubo lokacin canjin ruwa yana gangarowa ya shige ƙarƙashinta, inda tsumma ba ya kaiwa kuma iska ba ta shiga. Garin katakon da ke cikin laminet in ya sha ruwa kumbura yake yi, ko ya bushe ba ya komawa yadda yake, sai dai a cire fallen. A cire shi kuwa sai an kwashe kifi, an zubar da ruwa, an ɗaga tanki. Shi ma teburin da matsattsen katako aka yi shi, gefen ƙasansa ba a rufe shi da kyau ba, sai da na bi shi da silikon. Yanzu tawul nake shimfiɗawa zagaye da shi duk lokacin da zan taɓa ruwa, na kuma ajiye 'yar na'ura mai batir a bayansa, wadda ke ƙara da zarar ta ji danshi. Wayoyin wutar na'urorin tankin ma na bar su sun ɗan sauko ƙasa kafin su hau soket, don kada ɗigon ruwa ya bi su.

Akwai abin da babu teburin da zai magance shi. Nauyin nan yana danne daɓen ya hana shi motsi ta wannan gefen, don haka dole ɗaya gefen ɗakin ya kasance da tazararsa a sake, kada a sake danne shi da wani kaya mai nauyi. In kuwa ƙarƙashin laminet ɗin ba siminti ba ne, bene ne na katako, to maganar ta wuce laminet: a sa tankin kusa da bangon da ke ɗauke da gini, ya gitta azarun ƙasa maimakon ya bi tsawon guda ɗaya, in ya girma sosai a kira injiniya ya duba.

Ga mai tanki irin girman nawa a kan daɓe mai siminti a ƙasa, teburin ya cancanci saye, zan kuma sake zaɓensa a kan mai ƙafa huɗu. Shimfiɗar robar dai a bar musu kayansu, a nemi faranti mai baki wanda zai tare ruwa. Tankin da ya kai lita 400 ko fiye kuwa, shawarata a yanke laminet ɗin a wurin, teburin ya zauna a kan siminti kai tsaye, a bar tazara zagaye da shi.