Kayan gyaran mota a ƙofar gida: wanne ya kamata a fara saya?

Mai mota a Garwa, Marwa ko Njamena da ya yanke shawarar riƙa canza baƙin mai, filogi da takalmin birki da kansa, ba shi da ramin gareji kuma ba shi da injin ɗaga mota. Abin da yake da shi bai wuce inuwar bishiya da rairayin ƙofar gida ba. Saboda haka kuɗinsa na farko ya kamata ya tafi ga abin da zai riƙe motar a sama, kafin a zo maganar akwatin sifanu mai ƙyalli da 'yan kasuwa suka fi son nunawa.

Jak iri uku ake samu a kasuwanninmu. Na farko shi ne mai kama da almakashi wanda ke zuwa tare da mota. An yi shi ne domin canza taya a bakin hanya, gindinsa siriri ne, kuma a kan rairayi yakan karkace da zarar an ja noti da ƙarfi. Na biyu shi ne jak mai siffar kwalba, wanda ke aiki da mai. Yana da araha, yana da ƙarfi, kuma shi ne ya fi dacewa da motoci masu tsayi irin su Hilux da Land Cruiser, waɗanda nauyinsu ya kai tan 2 ko fiye, inda mai ɗaukar tan 4 ko 5 zai ba da kwanciyar hankali. Matsalarsa ita ce tsawonsa: ko a naɗe yakan kai kusan santimita 20, don haka idan tayar Corolla ta sace gaba ɗaya, sau da yawa ba zai shiga ƙarƙashinta ba. Wanda zai saya ya fara auna tazarar da ke tsakanin ƙasa da wurin sa jak, sannan ya cire tsawon da mota ke sauka idan taya ta yi faci. Na uku shi ne mai tayoyi da dogon hannu, wanda ya fi sauran daɗin aiki, amma dole tayoyinsa su gangara kaɗan yayin da mota ke tashi. A kan siminti wannan ba komai ba ne. A kan rairayi ko laka tayoyin suna nutsewa, sai ya zama jak ɗin ne ke jan motar zuwa gefe. Wanda ba shi da daɓen siminti, a ganina, bai kamata ya kashe kuɗi a kansa ba.

Duk cikin ukun babu wanda ya cancanci mutum ya kwanta a ƙarƙashin mota yana dogara da shi. Abin da ke riƙe man jak mai kwalba wani zoben roba ne ƙarami, kuma zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, tare da ƙurar hunturu, suna cinye shi a hankali har ya fara sakin nauyi ba tare da wani ƙara ba. Nan ne ƙafafun ƙarfe masu riƙe mota suke shigowa, kuma guda biyu sun isa yawancin aiki. Akwai masu haƙora da ake ɗagawa su kama da kansu, akwai kuma masu rami da ake zura ƙusa mai kauri. Na biyun sun fi sauƙin dubawa da ido, domin ko ƙusar tana ciki ko ba ta ciki. Masu walda suna ƙera irinsu da araha, kuma wasu suna da kyau, sai dai babu wanda ya gwada nauyin da za su iya ɗauka, don haka a duba kaurin bututun da yadda waldar ta zagaye kowace ƙafa. Bulo na siminti, wanda mutane da yawa ke jerawa a madadinsu, yakan fashe lokaci ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin jak da kowace ƙafa ya zama dole a kan rairayi, haka nan dutse ko itace a bayan tayoyin da ke ƙasa, tare da tura tayar da aka cire ƙarƙashin gefen motar.

Game da sifanu, zaɓin yana tsakanin babban akwati sabo mai araha da 'yan ƙwarori na gwanjo daga Turai. Akwatin yana da kaya fiye da ɗari, amma rabinsu ba za a taɓa su ba, kuma ƙarfen mafi arha a cikinsu yakan buɗe baki a kan noti mai tsatsa ya cinye kusurwoyinsa, wanda hakan ke mayar da aikin rabin awa ya zama tafiya wajen mai walda. Motocin Japan, waɗanda su ne suka cika titunanmu, kusan duk notinsu lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19 ne, notin taya na yawancin Toyota 21, kuma notin da ake kwancewa a zubar da tsohon baƙin mai 14. Mai Peugeot ko wata motar Turai zai buƙaci 13 sosai, da makullai masu kan tauraro. Tsohuwar sifanar Facom ko Gedore da ta sha aiki ta fi sabuwa marar suna, amma rubutun da ke jiki ba hujja ba ne, tunda ana kwaikwayonsa. Gwajin da ya fi amfani shi ne a tafi kasuwa da noti a aljihu, a ɗora sifanar a kai: idan tana rawa, a ajiye ta. A cikin masu shiga kan noti kamar hula, masu kusurwa 6 sun fi masu 12 riƙo a kan noti da ya ƙi kwancewa. Sifana mai daidaitawa da ɗan yatsa tana da amfani a aikin famfo, amma a jikin inji ɓarnarta ta fi amfaninta.

Na'urar auna wuta ƙarama ce kuma tana biyan kuɗinta da wuri: batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 idan inji a kashe yake, ya hau tsakanin 13.5 da 14.5 idan an tayar, kuma wannan kaɗai ya isa ya raba laifin batir da na injin caji. Ita kuwa 'yar na'urar OBD2, wadda ake haɗawa da wayar hannu domin gano matsalar inji daga kwamfutar mota, tana karanta motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 da masu fetur na Turai daga 2001, amma tsofaffin motocin dizal da aka ƙera domin Afirka ba lallai su amsa mata ba, don haka a nemi mai kanti ya yarda a gwada ta a jikin motar kafin a biya.