Daga Jamus, a kan fiffiken balsa

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ka tambaye ni ko kayan haɗa ƙananan jiragen sama masu rimot na nan sun fi waɗanda muke samu. Itacen dai ɗaya ne, balsa, akasarinsa daga Ekwado ake kawo shi. Inda suka sha gabanmu shi ne wajen zaɓe.

Mu duk fallen da ya zo hannu shi muke yankawa. A nan falle yana zuwa da tsawon mita 1, faɗin santimita 10, kauri daga milimita 1 zuwa sama, kuma ba mai hana ka dubawa. Na ga wani dattijo ya zaro ɗan sikeli daga aljihu yana auna su ɗaya bayan ɗaya. Falle biyu girmansu ɗaya, amma wani ya ninka wani nauyi. Ka sa mai nauyin a dama, marar nauyin a hagu, jirgi ya yi ta karkata kana zargin rimot. Yankan ma iri-iri ne. Wanda suke kira A yana lanƙwasuwa cikin sauƙi, da shi ake rufe goshin fiffike. C kuwa mai ɗige-ɗige ne a fuska, ga tauri, da shi ake yin haƙarƙari, wato guntayen da ake jerawa a cikin fiffike su ba shi siffa.

Ka tuna fiffiken jirginmu da ya naɗe a sama kamar littafi? Har yau yana min ciwo, sai a nan na gane laifinmu. Mun sa azara biyu, wato dogayen sandunan da ke bin tsawon fiffike, sama da ƙasa, muka bar tsakaninsu fayau. In jirgi ya ɗauki nauyi, ta sama matsuwa take yi, ta ƙasa tana miƙewa, in babu abin da ya ɗaure su sai kowace ta bi hanyarta. Maganin ɗan falle ne na milimita 1.5 da ake mannawa tsakanin haƙarƙari da haƙarƙari ya haɗe azarorin, jijiyar katakon a tsaye. In ka sa ta a kwance ka yi aikin banza. Sannan a rufe goshin sama da ƙasa har zuwa kan azara, ya zama akwati mai siffar D. Na kama wanda na gama da hannu biyu na murɗa, ko gezau bai yi ba.

Sandar kabon da ƙyallen gilas da gam ɗin efoksi duk akwai. Gilas ɗin ya yi a mahaɗar tsakiya, inda fiffiken dama da na hagu suka haɗu, tare da guntun filawud. Kabon kuwa, a ganina, mutane suna zuba shi fiye da kima, su ƙara nauyi a wurin da azarar katakon fayin ta wadatar. Akwai kuma masu yanka haƙarƙari da leza: ka tura zane, su aiko maka ta gidan waya. Aikinsu da kyau, sai dai su suke zaɓar maka katakon, ni kuwa na fi son reza da hannuna.

Tashin jirgin ma da ƙa'ida. Dole ne ka yi inshora, wasu ta DMFV, ƙungiyar masu tashin ƙananan jirage ta Jamus, suke yi, kuma in ya kai giram 250 sai ka yi rajista.

Zan aiko maka da sikeli da falle goma da na auna da kaina, na rubuta nauyin kowane a jikinsa da fensir. Ka turo min tsawon fiffiken da kake son yi da tazarar haƙarƙarinsa, in san kaurin azarar da zan haɗa maka.