MiFi ɗin da na saya saboda gem: abin da ya gyara da abin da ya fi ƙarfinsa

Duk mai buga eFootball ko Free Fire a ƙauye ya san wannan ciwon, kana tsaka da wasa kana ci sai komai ya daskare, ɗan da'irar nan ta fara juyawa, kafin ka ce me an fitar da kai an rubuta maka ka sha kashi. Mu nan yankin Maigatari abin har ya fi haka, don muna bakin boda, wani lokacin waya ta saki layinmu ta je tana laluben netwok ɗin Nijar.

Shi ne wani abokina ya ce in sayi MiFi, ɗan akwatin nan da ake sa masa sim yana ba da wayfai. Na sa aka taho min da shi daga Farm Centre, kasuwar wayoyi a Kano, kuɗinsa wallahi ya kusa na ƙaramar akuya.

Gaskiya yankewar ta ragu sosai, amma fa ba wai yana ƙara ƙarfin sabis ba ne kamar yadda masu shago ke faɗa. Amfaninsa shi ne kana iya ajiye shi inda sabis yake kai kuma ka zauna inda kake so. Ɗakina rufin kwano ne, a ciki sandar sabis ɗaya ce ko biyu, waya tai ta tsalle tsakanin 4G da 3G, kuma wannan sauyin shi ne yake yanke gem ɗin. Yanzu a leda nake sa MiFi ɗin in rataye a reshen darbejiyar tsakar gida, ta ɓangaren da ƙarfen sabis yake, Inna har tambayata ta yi wai wane malami ne ya ba ni laya. Sannan na shiga saitinsa ta burauza, adireshin yana rubuce a jikinsa, na kulle shi a 4G kaɗai, layin ma na zaɓa masa da hannu don kada ya tsallaka boda.

Wani abin da ya burge ni, kira ba ya katse min wasa. Da can ko filashin aka yi min data ta tsaya, saboda wayar da ba ta da VoLTE, wato tsarin yin kira a kan 4G, sauka take daga 4G in kira ya shigo.

To sai inda ya gaza. Ping, wato lambar da ke nuna jinkirin da ke tsakanin dannawarka da amsar gem, bai wani sauka ba, don sabar gem ɗin, babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, tana can ƙasashen waje, nisa kuwa ba MiFi ke rage shi ba. In lambar tana ƙasa da 100 wasa lafiya lau, in ta haura 200 sai ka danna fasin ɗan wasa ya tsaya yana kallon ka. Ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ke ci kuwa ka haƙura kawai, jama'a sun cika ƙarfen sabis, haka ma bayan isha'i lokacin da kowa ya hau TikTok. In ƙarfen ya mutu gaba ɗaya babu abin da akwatin zai yi maka. Ni yanzu manyan wasanni da sassafe nake bugawa.

Batir ma matsala ne, awoyi kaɗan ya ƙare, ga shi ba wuta, kullum abu biyu nake kaiwa wajen mai caji, sai da na haɗa masa da fawa banki. Rana ta buge shi ya yi zafi sai ya fara tsinkewa, dole inuwa. Kuma dan Allah ka canja fasawod, ƙannena suka gano nawa suka hau YouTube, gem ya dinga sarƙewa, data ta ƙare ina zargin kamfani a banza.

Kafin ka saya ka fita tsakar gida da wayarka ka duba, in 4G yana zama daram a waje ka saya. In a wajen ma 3G kake gani, riƙe kuɗinka ka gwada sim ɗin wani layin tukuna.