M.Ed ko M.A. a Turanci? Amsa ga malamar da ta yi tambaya

Wa'alaikumus salam Malama. Kin tambaya wane digiri na biyu ya fi dacewa da ke, M.Ed, wato mastas na fannin koyarwa, ko M.A., wato mastas na Turanci zalla. Tunda kin ce a aji kike kuma a aji kike son zama, ki sayi fom ɗin M.Ed na koyar da harshe, ki bar M.A. ɗin.

Ni M.Ed na yi, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zangon da aka koya mana yadda ake gwada karatun yaro. A lokacin ina da wata yarinya a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kullum ita ce ta farko wajen ɗaga hannu. In aka yi karatu tare, muryarta ta fi ta kowa tashi. Sai na zaunar da ita ita kaɗai a bakin baranda, na ba ta takarda mai ɗauke da kalmomin da aka ƙirƙira, waɗanda ba su da ma'ana, irin na EGRA, wato gwajin karatun yaran ƙananan azuzuwa, na saita agogon waya minti ɗaya. Ta ɗora yatsa a kan kalmar farko, yatsan bai matsa ba har lokaci ya cika. Ashe duk hadda ce. Shekara shida a firamare, ba wanda ya taɓa sauraronta ita kaɗai.

Abin da kwas ɗin ya ba ni shi ne sanin inda zan kama. Na mayar da ita Hausa, ba be bi bo bu, domin a rubutun Hausa kusan yadda ka gani haka za ka furta. Da ta gane cewa kowane harafi sauti yake ɗauke da shi, sannan muka tsallaka Turanci, inda wasali ɗaya kan zo da sauti kala-kala, kuma sai an tsaya an raba wa ɗan Bahaushe p da f. Kafin ƙarshen shekara tana karanta ɗan gajeren labari da kanta, tana tsayawa ta gaya mini abin da ya faru a ciki. Ranar da ta fara haka sai da na yi ƙwalla. Wannan hanyar ta fara karatu da harshen gida ita ce shirin Mu Karanta ya bi a Bauchi da Sakkwato, haka ma RANA a Katsina da Zamfara, kuma irin wannan aikin masu ilimin koyar da karatu ya fi buƙata.

M.A. kuwa, to, ba laifi. Za ki sha nahawu da nazarin adabi da ilimin kimiyyar harshe, kuma ga wanda burinsa ya zama lakcara a sashen Turanci na jami'a ita ce hanya. Amma ba za ta gaya miki yadda za ki yi da yara tamanin a ɗaki ɗaya ba.

Abin da za ki duba kafin ki biya kuɗin fom: M.Ed tana son wanda digirinsa na farko na ilimi ne, ko kuma ya yi PGDE, wato diflomar koyarwa da ake yi bayan digiri. In B.A. zalla gare ki, sai kin fara da PGDE ɗin, kuma ba asara ba ce, tunda TRCN ma, hukumar rajistar malamai, sai da takardar koyarwa take yi wa mutum rajista. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, da ke Kaduna tana yin PGDE ga masu aiki. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da M.Ed na koyar da Turanci a matsayin harshe na biyu, wanda suke kira TESL, a tsangayar ilimi. Ki kuma tambayi ɗaliban da ke ciki yanzu wane malami ne ke duba aiki a kan lokaci, domin rubuta kundin bincike shi ke cinye shekaru, ba darussan aji ba. Kada ki sa ran kuɗin karatu daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, tallafinsu na malaman manyan makarantun gwamnati ne, bai haɗa da mu na sakandare ba.

Don Allah ki yi hattara da dillalan takarda. Daga kin yi irin wannan tambayar a fili za ki ga saƙonni suna shigowa, wannan ya ce zai samo miki gurbi, wancan ya ce akwai mastas na wata shida a ƙetare, wani kuma ya ce zai rubuta miki kundin gaba ɗaya. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Jamhuriyar Benin da Togo. Har waɗanda suka yi karatun gaskiya a can abin ya shafa. Fom a shafin makarantar kawai ake saya, kuɗi kuma ta hanyar da makarantar ta sanar, kada ki tura ko sisi a asusun wani mutum. Ki duba jerin jami'o'in da NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta amince da su.

Kundin kuma ki rubuta shi da hannunki, a kan yaran ajinki. Ki fara tun yanzu, ki riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya suna karanta miki, kina rubuta inda kowa ya tsaya. Allah Ya sa albarka, Ya ba ki mai duba aiki nagari.