Word da Excel ko Google Docs da Sheets, wanne yaro zai fara?

Hajiya barka da warhaka, tun da safe na ga tambayarki ban samu sukuni ba sai yanzu. Kin ce yaronki yana aji huɗu a sakandare, babansa ya bar masa tsohuwar laftof ɗinsa, kina so ya koyi wani abu a hutun nan, to wani ya ce a sa masa Word da Excel wani kuma ya ce ai an daina yayinsu yanzu kowa Google Docs yake yi. Word da Docs na rubutu ne, Excel da Sheets kuma na lissafi a tebur. Bari in faɗi abinda na gani wajen koya wa yara, sai ki auna.

Wanda ya ce an daina yayin Word gaskiya bai faɗi daidai ba. Word tun 1983 yake nan, Excel 1985, shi Google Docs sai 2006 ya fito, kuma har gobe in aka ce turo takarda yawanci docx, wato fayil ɗin Word, ko PDF ake jira. Amma ba tsufa ne ya raba su ba, abinda ya raba su shine ina aikin yake kwana. Word da Excel a cikin kwamfutar ake sa su, abinda yaro ya rubuta yana nan cikin laftof ɗinsa ko da data ko babu. Docs da Sheets kuwa ta burauza ake buɗe su, aikin yana can wajen Google, in netwok ya yi tsiya to an zauna kenan. Eh akwai yadda ake sa shi ya yi aiki ba intanet a Chrome, amma sai an kunna tun ana da netwok ɗin, kuma yara basa tunawa sai ranar da ya ɗauke.

Wajen sebin kam Docs ya yi wa Word fintinkau. Kana rubutu yana ajiyewa da kansa, ba ruwanka da danna komai. Ƙanina ya taɓa zama tun bayan la'asar yana buga asaimen a Word da yatsa biyu, ya kai shafi na shida bai yi sebin ko sau ɗaya ba, batirin laftof ɗin kuma dama ya mutu da waya take rayuwa, ƙaramarmu ta zo wucewa ta yi tuntuɓe da caja allo ya yi baƙi ƙirin. Wallahi sai da ya yi hawaye. Da muka kunna Word ya dawo da mafi yawa saboda yana ɗan ajiye kwafi duk minti 10, amma shafin ƙarshe ya tafi. Tun ranar hannunsa baya rabuwa da Ctrl da S.

To sai dai kin ga wannan sauƙin na Docs shine kuma inda nake da ja da shi ga mai fara koyo. Yaron da komai ake ajiye masa baya sanin menene fayil. Na ga yarinya mai saurin taifin sosai, ta gama aikinta tsaf a Docs, na miƙa mata filash na ce sa min a nan zan kai firintin, ta yi dawunlodin ta tsaya tana kallon allo bata san ina ya shiga ba, bata taɓa buɗe folda ba balle ta canza wa fayil suna ko ta san bambancin Save da Save As. Shi Word dole ya tambaye ka wane suna, a wace folda, wane iri, docx ko PDF, kuma wannan tambayar da yake damun yaro da ita ita ce rabin iya kwamfuta. Duk fom ɗin da zai cike nan gaba a intanet za a ce ya loda fayil kaza kar ya wuce girma kaza, in bai san inda fayil yake ba ina zai fara?

Aikin rukuni kuma, nan Google ne sarki ba musu. Yara huɗu su shiga takarda ɗaya lokaci guda kowa daga gidansu, kowa na ganin abinda ɗan'uwansa ke bugawa, kuma akwai wajen da yake nuna tarihin gyara, wa ya rubuta me da yaushe, malalacin da ke jira a sa sunansa a ƙarshe asirinsa ya tonu. Microsoft masu Word ma suna da irinsa ta OneDrive, wurin ajiyarsu na intanet, amma shima sai da intanet da akawun.

Excel da Sheets kada ki wani damu, a matakinsa kusan abu ɗaya ne. Ya jera makinsa a gidajen teburin daga B2 zuwa B10, ya je ƙasa ya rubuta =SUM(B2:B10) ya ga jimla, =AVERAGE(B2:B10) ya ga matsakaici, in ya ɗan ƙware ya gwada =IF(B2>=50,"ya ci","ya faɗi"), duk waɗannan haka suke a ɓangaren biyu harafi da harafi. Sai ya canza maki ɗaya ya ga jimlar ta canza da kanta, a nan ne yawancin yara ido ke buɗewa. Ƙarfin Excel sai bayanai sun yi yawa yake nunawa, layi 1,048,576 yake ɗauka a shafi ɗaya, ɗan sakandare ina zai kai can.

Maganar kuɗi, Google kyauta ne da wurin ajiya 15GB wanda Gmail da Drive da Photos suke rabawa, sai dai data da zai ci, kuma a yawancin ƙasashe sai yaro ya kai shekara 13 yake buɗe akawun da kansa. Na Microsoft da ake sawa a kwamfuta saye ake yi. Dan Allah kar ki bari a sa masa na sata, shi ke jawo bairos. In ba halin saye akwai LibreOffice, kyauta ne halal, baya buƙatar intanet, Writer ɗinsa a madadin Word, Calc a madadin Excel, yana buɗe docx ya yi sebin da shi, wani lokacin dai tebur ko hoto kan ɗan goce daga inda aka sa shi.

Af, tunda Hausa zai riƙa bugawa wataran, a Word in ya rubuta 0199 ya danna Alt da X tare zai koma ƙ, 0257 ya ba shi ɗ, 0253 kuma ɓ. A Docs sai ya shiga Insert ya nemo su cikin haruffa na musamman, ya fi jan lokaci.

Ni da nawa ne da Word da Excel zan fara masa, ko LibreOffice ɗin, sati uku ko huɗu. Kullum minti 20 na taifin da yatsu goma, manuniya biyu a kan F da J inda akwai ɗan tudu, ba kallon kibod. Sannan aiki na gaske ba kallon bidiyo kawai ba, ya buga wasiƙa mai shafi ɗaya, ya yi jadawalin karatunsa da tebur, ya yi lissafin makinsa, kowanne ya ajiye a foldar da ya buɗe da kansa ya maida PDF ya turo miki ta imel. In ya iya wannan Docs da Sheets a yini ɗaya zai kama su, maɓallan ma kusan iri ɗaya ne, Ctrl da C, Ctrl da V, Ctrl da Z duk suna aiki. Wanda ya fara daga Docs ne na ga yana ɗan shan wuya in ya dawo.

Kafin komai dai a duba min batirin laftof ɗin nan tunda kin ce tsohuwa ce, a cire caja a ga minti nawa take yi, sannan ki faɗa min wane Windows ne a kai sai in san abinda za ta iya ɗauka.