Hattara da masu sabon situdiyon koyar da ginin tukwane da zane

Salam jama'a, don Allah ku ba ni minti biyu, musamman 'yan uwana mata masu neman sana'ar hannu. Akwai wasu da ke talla a Instagram wai sun buɗe situdiyo nan Kaduna ana koyar da ginin tukwanen zamani da zane, sati shida kin ƙware, in kin gama su ba ki injin juya yumɓu kyauta kuma su da kansu za su riƙa sayen duk abin da kika gina. Wallahi damfara ce, ni da ƙanwata mun faɗa, naira 45,000 kowaccenmu ta tura.

Kuma fa wurin yana nan, shi ya sa muka saki jiki. Shago biyu aka haɗe ya sha farin fenti, ga ƙaton hoton Ladi Kwali a bango, ita dai ta bayan naira 20, matar da ta tarbe mu har da ba mu tarihin yadda Ladi ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a 1954, can Suleja lokacin ana kiran garin Abuja. Wannan kam gaskiya ta faɗa, da shi ma ta saye mu.

Inji ɗaya ne mu kusan 20, sai ki wuni ba ki taɓa shi ba. Da na tambayi ina tanderun gashi sai aka ce yana wani wuri, mu ƙara 5,000 a kai mana abin da muka gina a gasa. Bayan kwana biyu kacal aka dawo da kofunanmu suna ta sheƙi, ni ko murna kamar me, na kai gida na zuba shayi zan yi wa maigida burga, kafin in kai falo mariƙin ya cire a hannuna, gindin ya koma laka.

Innarmu da ta taso cikin magina ta karɓa ta ƙwanƙwasa da yatsa ta ce "'yar nan, wannan ai bai ga wuta ba." Gasasshen abu ƙara yake yi ƙal-ƙal, wannan kuwa dum kamar kin bugi bango. Ashe shanyawa kawai suke yi su shafa fenti da banish a kai. Daga baya na gane ainihin aikin, sai yumɓu ya bushe sarai, a gasa shi a zafi wajen digiri 1,000, a shafa masa ruwan gilas ɗin nan mai sa sheƙi a sake mayar da shi wuta, tanderun ma kansa sai ya kwana yana hucewa, to ta ina kwana biyu za su isa? Ko matan ƙauye da ke gasa randa da ciyawa da itace a fili, tasu ba ta narkewa a ruwa.

Zanen ma haka. Ƙanwata ta sayi na Dutsen Zuma 30,000 wai aikin hannu ne, da muka haska fitilar waya kusa sai ga ɗigo-ɗigon injin buga allon talla, an ɗan goga burushi a wuri uku don ido.

Sati na huɗu muka tarar da kwaɗo a ƙofa, an cire mu daga gurup ɗin WhatsApp, layi a kashe. Sai a lokacin na lura sunan da ke kan asusun da muka tura kuɗi na mutum ne, ba na situdiyon ba. Mun kai ƙara banki da wajen 'yan sanda, har yau shiru.

Abin da ya sa na yi rubutun nan, jiya na ga hotunan tallarsu ɗin nan dai, har da hannun ƙanwata a kan injin, a wani sabon shafi mai wani suna daban, wai za su buɗe a Kano. In kin riga kin yi niyya, ki ce a nuna miki tanderu da idonki, sannan ki ɗauki kofi ɗaya daga kan kantar shagon ki tsoma a bokitin ruwa a gabansu kafin ki tura ko sisi.